Asuba A Kan Jabal Musa: Darasi Game Da Ziyarar Dutsen Ɗur Da Ladubbanta

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya fifita wasu wurare a kan wasu, kamar yadda Ya fifita wasu lokuta da wasu bayi. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Allah Ya ƙara yarda ga Shehunmu Ahmadu Tijjani da halifofinsa, Ya amfane mu da albarkarsu.



Ni ƙaninku ne, ɗaya daga cikin ɗaliban Nijar da ke karatu a Jami'ar Azhar ta birnin Alƙahira. A hutun tsakiyar shekara, ƙarshen watan Janairu, lokacin da ɗari ya kai maƙura a ƙasar Masar, Allah Ya nufe mu mu shida da tafiya yankin Sina'i. Muka hau dutsen da ake kira Jabal Musa cikin dare, muka yi sallar Asuba a ƙololuwarsa. Da na dawo na tura hotuna gida, sai saƙonni suka yi ta shigowa. Gwaggota a Maraɗi ta sa aka yi mini barka da sauka, wai ta ji na yo ƙaramin hajji. Wani abokina na ƙuruciya ya rubuto cewa bidi'a na aikata, kuma ya kawo hadisi. Wani ɗan'uwa a ɗariƙa kuma ya tambaye ni a asirce ko wannan tafiya ba ta taɓa sharaɗin ziyara da muka ɗauka ranar da aka ba mu wuridi ba.

Kowane daga cikin ukun nan akwai abin da ya hango, kuma ina jin tsoron hotunan da na tura su zama sanadin ruɗa wani. Shi ya sa na koma ga littattafai, na tambayi malamaina, na rubuta wannan darasi. Inda na dace daga Allah ne, inda na kuskure manya su gyara mini.

Wurin da kansa

Jabal Musa yana kudancin Sina'i, ƙasar da ke tsakanin rassa biyu na Bahar Maliya. Tsayinsa mita 2,285 ne daga doron teku. Domin ku auna, ƙololuwa mafi tsayi a Nijar, wadda ke cikin duwatsun Bagzan a ƙasar Abzin, mita 2,022 ce. Daga Alƙahira tafiyar fiye da kilomita 400 ce. Mota na ratsa ramin da aka haƙa ƙarƙashin mashigin ruwan Suwes, ta gangara kudu ta gefen teku, sannan ta kutsa cikin duwatsu.

A gindin dutsen akwai gidan ibadar rahiban Kirista mai suna Santa Katrin, wanda Sarkin Rum Jastiniyan ya sa aka gina tsakanin shekarar 548 da 565 Miladiyya, wato kafin haihuwar Manzon Allah Sallallahu Alaihi Wasallam. Har yau akwai rahibai a ciki. Cikin ganuwarsa, dab da majami'arsu, akwai masallaci tun zamanin Faɗimiyyawa, mumbarinsa na ɗauke da tarihin shekara ta 500 bayan Hijira, daidai da 1106. Rahiban suna ajiye da kwafin wata takardar amana da suke jingina wa Manzon Allah, suna cewa asalinta Sarkin Usmaniyya Salim na Ɗaya ya tafi da ita Istanbul a 1517. Masana tarihi sun yi saɓani kan ingancin takardar, amma abin da ido ke gani shi ne gidan ya wanzu a tsakiyar ƙasar Musulmi fiye da shekara 1,300. A 2002 hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya.

Hanyoyin hawa biyu ne. Ta farko ita ce hanyar raƙuma, wadda ake kira Sikkatul Basha domin Abbas Basha na Ɗaya, mai mulkin Masar daga 1848 zuwa 1854, shi ya sa aka share ta. Tana zagaye dutsen a hankali. Ta biyu matakala ce ta duwatsu da rahibai suka jera, kimanin taki 3,750, ana kiranta matakalar tuba. Hanyoyin biyu suna haɗuwa kusa da wani kwari da ake jingina wa Annabi Ilyasu Alaihis Salam, daga nan kowa sai ya taka sauran matakai kimanin 750 da ƙafarsa. A can sama akwai ƙaramin masallaci da ƙaramar majami'a wadda aka sake ginawa a 1934.

To shin nan ne ainihin inda Allah Ya yi magana da Annabi Musa Alaihis Salam? Rahiban Kirista sun riƙi wurin a kan haka tun ƙarni na 4 Miladiyya, Musulmi suka zo suka tarar da sunan, zancen ya shahara. Sai dai babu wata aya ko hadisi da ya nuna wannan ƙololuwa da yatsa. Wasu masu bincike sun karkata ga wani dutse a Sina'in mai suna Jabal Sirbal, wasu kuma ga ƙasar Madyana a arewa maso yammacin Saudiyya. Ladabi na farko ke nan: mai ziyara ya ce "haka ya shahara", kada ya rantse a kan abin da Allah bai yanke ba.

Ɗur a cikin Alƙur'ani

Kalmar Ɗur ta zo sau 10 a cikin Alƙur'ani mai girma. Akwai sura sukutum mai wannan suna, wadda Allah Ya buɗe da rantsuwa da dutsen, Ya kuma sake rantsuwa da shi a Suratut Tin tare da ɓaure da zaitun da garin Makka. Abin da Allah Ya rantse da shi kuwa ba ƙaramin abu ba ne.

Tsayuwar Annabi Musa a wurin iri biyu ce. Ta farko tana cikin Suratu Ɗaha da Namli da Ƙasas. Yana kan hanyarsa daga Madyana da iyalinsa cikin dare, ya hangi wuta a gefen dutsen, ya tafi don ya samo musu garwashin jin ɗumi ko wanda zai nuna musu hanya. A can aka kira shi, aka umarce shi ya cire takalmansa domin yana cikin kwari mai tsarki mai suna Ɗuwa, aka ba shi annabci, aka umarce shi da tsai da salla. Ta biyu tana cikin Suratul A'araf, bayan an halaka Fir'auna. Allah Ya yi masa wa'adin dare talatin, Ya cika da goma, suka zama arba'in. Ya bar ɗan'uwansa Annabi Haruna a kan jama'a. Da Ubangijinsa Ya yi magana da shi, shauƙi ya sa ya roƙi gani. Aka ce masa ya dubi dutsen. Da Allah Ya yi tajalli ga dutsen sai ya niƙe, Annabi Musa ya faɗi a some. Da ya farfaɗo ya tsarkake Allah, ya tuba zuwa gare Shi.

Sufaye sun daɗe suna shan ruwa daga waɗannan ayoyi. Shehu Suhrawardi a cikin Awariful Ma'arif ya danganta halwar kwana arba'in da wa'adin nan na Annabi Musa. Imamu Gazali a cikin Mishkatul Anwar ya yi ishara da cewa cire takalma biyu na nuni ga cire damuwar duniya da ta lahira daga zuciya lokacin fuskantar Allah, kuma a nan take ya ja kunne cewa isharar ba ta soke zahiri: takalma na gaske aka ce a cire, kuma an cire. Wannan ma'auni ne gare mu. Duk fahimtar ɓoye da ta zo ta rusa hukuncin bayyane, ba daga hanyar magabatanmu take ba.

Hukuncin ɗaura kaya zuwa can

Yanzu ga hadisin da abokina ya kawo. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah ya keɓe masallatai uku da a ɗaura sirdi domin su: Masallacin Harami, da masallacinsa na Madina, da Masallacin Aƙsa. Hadisi ne ingantacce, babu mai musun sa. Abin da ya fi wannan nauyi kuma yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, a babin sa'ar da ke cikin ranar Juma'a. Sayyidina Abu Huraira ya ba da labarin cewa ya je Ɗur ɗin nan, da ya dawo ya gamu da sahabi Basra ɗan Abu Basra Algifari, wanda ya ce masa da ya riske shi kafin ya fita da bai tafi ba, sannan ya karanta masa wannan hadisi. A ruwayar Imamu Ahmad, Abu Huraira ya faɗi cewa ya yi salla a can. Kada mu ɓoye wannan don ba ta yi mana daɗi ba. A littafin limaminmu take.

Malamai sun kasu kan ma'anar hanin. Abu Muhammad Aljuwaini ya tafi a kan haramcin yin tafiya takanas zuwa wani wuri mai falala banda ukun nan, Alƙali Iyad ya karkata ga haka, daga baya Ibnu Taimiyya ya ƙarfafa shi. Imamu Nawawi kuwa, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya inganta cewa babu haramci, abin nufi shi ne cikakkiyar falala ta tafiya ta keɓanta da masallatai ukun. Imamu Gazali a cikin Ihya ya ce maganar a kan masallatai take, domin bayan ukun nan duk masallatai daidai suke, babu dalilin barin na garinka ka tafi wani. A mazhabarmu kuma, duk wanda ya karanta Risala ta Ibnu Abi Zaid ya san cewa wanda ya yi bakancen zuwa salla a wani masallaci banda ukun nan, ba zai je ba, sai ya yi sallarsa inda yake.

Abin da na fahimta daga malamaina shi ne niyya ke raba tafiya da tafiya. Wanda ya tashi yana ƙudurce cewa raka'a biyu a kan Jabal Musa suna da ninkin lada na musamman, ko hawan na kankare zunubi kamar tsayuwar Arfa, ya ƙudurce abin da babu dalili a kansa, kuma gargaɗin da aka yi wa Abu Huraira ya hau kansa. Akwai ruwaya a Sunanun Nasa'i cewa a daren Isra'i an sauke Manzon Allah ya yi salla a Ɗuri Sina, amma Ibnu Kasir ya yi magana a kanta, ya ce akwai baƙunta da abin ƙi a cikinta, don haka ba a gina hukunci a kai. Wanda kuwa ya tafi don ya ga ƙasar da ayoyin nan suke magana a kanta, ya yi tunani, ya wa'aztu, ya shiga cikin tafiyar lura da Alƙur'ani ya kwaɗaitar da ita a wurare da dama, salla ta riske shi a can ya yi ta kamar yadda zai yi a ko'ina.

Saboda haka ga Gwaggo nake cewa cikin ladabi: ba hajji na yi ba, ƙarami ko babba. Babu harami, babu ɗawafi, babu sunan Alhaji. Ga abokina kuma: hadisinka gaskiya ne, na gode da tunatarwa, sai dai mas'alar ta saɓani ce tsakanin manyan malamai, kuma ba a fitar da Musulmi daga sunna a kan irinta.

Akwai abubuwan da ban ga wani malami ya halatta ba, kuma na gan su da idona. Wasu na shafar dutsen suna shafawa a fuska, wasu na ɗibar tsakuwa don kai wa marar lafiya, wasu na cusa takardun buƙata a tsagar dutse. A kan hanya akwai wata alama da ake cewa sawun taguwar Annabi ce, a sama kuma akwai ɗan kogo da ake cewa nan Annabi Musa ya zauna. Duka zancen baka ne. Mu Hausawa mun san inda girmama dutse yake kai mutum, domin kakanninmu sun yi yanka a gindin duwatsu kafin hasken Musulunci ya game ƙasa, labarin dutsen Dala na Kano ba ɓoyayye ba ne. Sayyidina Umar ma da ya sumbaci Hajarul Aswad, sai da ya bayyana cewa dutse ne da ba ya cutarwa ba ya amfanarwa, koyi da Manzon Allah ne kawai ya sa shi. In haka ne ga dutsen Ka'aba, ina ga waninsa?

Sharaɗin ɗariƙa

Amma tambayar ɗan'uwana, sananne ne cewa cikin sharuɗɗan ɗariƙarmu akwai barin ziyarar waliyyai na waje, rayayyu da matattu, ziyarar neman madadi, tare da girmama su duka da kyautata musu zato. Malaman ɗariƙa sun togace Annabawa da Sahabban Manzon Allah da ƴan'uwa na cikin ɗariƙa. A kan Jabal Musa babu kabarin waliyyi da ake nufa, wuri ne da ake tuna wani Manzo daga cikin Ulul Azmi. Duk da haka ban tafi ba sai da na kira muƙaddamina na nemi izini. Ya tambaye ni abin da zan je nema. Na ce lura. Ya ce in tafi, in kiyaye salla a kan lokaci, kada wuridi ya kuɓuce mini, kada in roƙi kowa a can sai Allah. Ina ba kowane ɗan'uwa shawara, a Masar yake ko a wata ƙasa, kada ya yi wa kansa fatawa a wannan babi. A hanyoyin Sina'i kanta akwai ƙubbobin shaihunai da masu jagora kan tsaya da baƙi a wurinsu. Wanda bai tambaya ba tun a gida, a can zai rasa abin yi.

Daren hawa

Mun fara tafiya wajen ƙarfe biyu na dare. Hukuma ba ta barin baƙo ya hau sai da ɗan jagora daga Larabawan wurin, ƙabilar Jabaliyya, waɗanda ake cewa zuriyar mutanen da Jastiniyan ya kawo ne don tsaron gidan rahiban, daga baya suka musulunta. Namu dattijo ne marar yawan magana. Na ce a raina me za mu yi da ɗan jagora, ga hanya a share, ga tocila a hannun kowa. Ba mu yi nisa ba na gane. Tocila taki uku take haska maka, shi kuwa dutsen duka yana cikin kansa. Ya san inda hanya ke rabuwa, ya san inda tsakuwa ke zamewa, ya san lokacin da ya kamata a huta tun kafin mu ji gajiya. Sau biyu na hangi wani tudu na ce mun iso, ya ce da saura. Na tuna muridin da ya ɗan ji daɗin zikiri kwana biyu ya ɗauka ya kai. Ba don shehun tarbiyya ba, da a tudun farko zai shimfiɗa buzunsa.

A kan hanya akwai rumfunan masu shayi, akwai masu raƙuma suna tallar hawa. Sanyin kuwa, wanda ya san ɗarin Damagaram ko na Tawa a watan Janairu ya ninka shi, domin a kan duwatsun nan ƙanƙara na sauka a wasu shekaru. Bayan kamar awa biyu muka kai inda raƙumi ke tsayawa. Mai kuɗi da talaka, wanda ya hau da wanda ya tako, duk a nan suka zama ɗaya. Matakan 750 ba a ɗaukar wa kowa su. Haka nasaba da hidimar iyaye da sunan gida suke kai mutum wani wuri, daga nan sai abin da ya taka da kansa.

A nan ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Ɗaya daga cikinmu yana fama da mura, numfashinsa ya fara sarƙewa, yana hawa goma yana zama. Ni kuwa na ji ana cewa wanda ya makara ba ya samun wuri a bakin gabas, inda ake ɗaukar hoton fitowar rana. Na ce musu bari in yi gaba in kama mana wuri. Gaskiyar magana kaina na kama wa. Na isa, na yi hayar bargo, na zauna a kan wani falalen dutse, waya a hannu. Alfijir ya keto ina zaune. Na san lokaci ya shiga, amma ina tsoron in tashi wani ya gaje wurin. Ina cikin wannan sai ga dattijon nan ya iso, jakar ɗan'uwana a kafaɗarsa, hannunsa riƙe da nasa. Bai yi mini faɗa ba. Ya dube ni ya ce, "Ya shehu, ka yi salla?"

A cikin Suratu Ɗaha Allah Ya tambayi Annabi Musa abin da ya sa ya yi gaggawa ya bar mutanensa a baya, ya amsa cewa neman yardar Ubangijinsa ne ya gaggauto da shi. Ni ma na bar mutanena a baya a kan dutsen da ke ɗauke da sunansa, amma da za a tambaye ni, amsata hoto ce. Na tashi na bar wurin, wani ya zauna a kai nan take.

Asuba da fitowar rana

Mun sayi ruwan zafi wurin mai shayi muka surka muka yi alwala. Marar lafiyarmu ya yi taimama a jikin dutse, domin a mazhabar Malik dutse na cikin abin da ake taimama da shi, kuma tsoron ƙaruwar ciwo uzuri ne. A tuna, wanda ke kan taimama yana yin lazimi, amma a wazifa ba ya karanta Jauharatul Kamal, sai ya musanya ta da Salatul Fatihi ashirin. Alƙibla ma sai an lura. A gida mun saba gabas ita ce alƙibla har kalmomin biyu suka zama ɗaya a bakinmu, a Sina'i kuwa Makka tana kudu maso gabas. Muka yi sahu a gefen masallaci, dattijon ya shiga tare da mu, muka sallaci Asuba, muka zauna lazimi.

Taron da ke sama ya haɗa kowa: Kiristoci daga ƙasashe daban daban suna waƙoƙin addininsu, Musulmi, da ƴan yawon buɗe ido da kallo kawai ya kawo su. Wajen ƙarfe shida da rabi gefen rana ya ɓullo, kawunan duwatsu suka yi ja ɗaya bayan ɗaya har iyakar gani. Wasu suka yi tafi, wasu suka ɗaga hannuwa suna fuskantar ta. Ba mu tsangwami kowa ba, ba mu kuma yi abin da suke yi ba.

A nan shari'a ta yi mana iyaka bayyananniya. An hana nafila daidai lokacin da rana ke ɓullowa, domin a lokacin ne masu bauta mata suke yi mata sujada, kuma a mazhabarmu karhancin yana nan har ta ɗaga kamar tsawon mashi, wato minti 15 zuwa 20. Suratu Fussilat ta hana sujada ga rana da wata, ta mai da ita ga wanda Ya halicce su. A Suratul An'am Annabi Ibrahim ya kafa wa mutanensa hujja da tauraro da wata da rana, cewa abin da ke faɗuwa bai cancanci bauta ba. Ko a aikin hajji, Buhari ya ruwaito daga Sayyidina Umar cewa mushirikai ba sa barin Muzdalifa sai rana ta haska dutsen Sabir, Manzon Allah ya saɓa musu ya tashi kafin ta fito. Kallon fitowar rana da tasbihi a baki halal ne, kuma tunani ne a kan halittar Allah. Abin da aka toshe shi ne duk wata siffa ta ibada da za ta sa a ce ita ake nufi. Muka jira ta ɗaga, kowa ya yi raka'a biyu na walaha.

Saukowa

Mun sauko ta matakalar tuba. Da rana ta haska na ga ramukan da muka bi ta gefensu cikin duhu ban sani ba, na ƙara gode wa Allah da Ya haɗa mu da wanda ya san hanya. Saukowa ta fi hawa cin gwiwa. Wannan karon na riƙe jakar ɗan'uwana har ƙasa, na kuma nemi gafararsa, ya yi dariya ya ce ya yafe tun a sama.

Annabi Musa bai zauna a kan dutse ba. Ya sauko da alluna, ya tarar Samiri ya ƙera wa mutanensa ɗan maraƙi, ya shiga aikin gyara. Shugabanmu ma ya sauko daga kogon Hira zuwa ga mutanen Makka da cutarwarsu. Halin da mutum ya samu a halwa ko a zikirin Juma'a, a kasuwa da cikin gida da ɗakin jarrabawa ake gane ko na gaske ne. Ni dai an auna ni tun ban sauko ba, kuma kun ji yadda awon ya kasance.

Abin da ke hannun wanda yake gida

Mafi yawan masu karanta wannan ba za su je Sina'i ba, kuma babu abin da ya ragu a addininsu. Wanda Allah Ya hore wa kuɗin tafiya, Makka da Madina su ne a gaba. Wanda bai samu ba, ga bushara. Muslim ya ruwaito daga Jabir ɗan Samura cewa Manzon Allah ya kasance yana zama a wurin sallarsa bayan Asuba har rana ta fito. Tirmizi kuma ya ruwaito daga Anas, ya ce hadisin hasan ne garib, cewa wanda ya sallaci Asuba cikin jam'i, ya zauna yana ambaton Allah har rana ta fito, sannan ya yi raka'a biyu, yana da lada kamar na hajji da umra. Wannan bushara ba a rataya ta ga wani dutse ba. Tana nan a zawiyar unguwarku a Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Yamai, kowace safiya, kuma daidai lokacin lazimin safe ne. Tsohon da ke zaune a sahun farko da carbinsa tun shekara talatin, ba ya fashi, ya riga ni samun abin da na yi tafiyar kilomita ɗaruruwa ina nema, har na kusa sayar da shi a kan hoto.

Ga ƴan'uwa ɗalibai da ke Masar masu niyyar zuwa, ku nemi izinin muƙaddaminku, ku gyara niyya tun a ɗaki, ku karanta Ɗaha da A'araf da Ƙasas da tafsirinsu kafin ku tashi. Ku tafi da kayan sanyi masu kauri da takalmi mai riƙe ƙasa, ku yi tafiyar mafi rauninku, ku biya ɗan jagora haƙƙinsa da daɗin rai. Ku girmama rahiban da baƙinsu, kada ku bar shara a kan dutsen. In alfijir ya keto, a ajiye waya a yi sahu.

Allah Ya sa mu cikin masu jin magana su bi mafi kyawunta. Ya tsare mu daga riya da son a gani, Ya gafarta mana abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ya ba iyayenmu da malamanmu lafiya da tsawon rai, Ya zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya, Ya kira mu ɗakinSa da ziyarar ManzonSa, albarkar Shugabanmu Annabi Muhammadu Sallallahu Alaihi Wasallam. Ina roƙon ƴan'uwa su sa ni da abokan karatuna a addu'a bayan wazifa.